An cire musu kuɗi amma tikiti bai zo ba, tun bayan da filogin rajistar taro ya sabunta

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman agaji na gaggawa. Akwai shafin da nake kula da shi na wata ƙungiya da ke shirya taron bita ga malaman makarantu, kuma taron ya matso. Da manhajar WordPress aka gina shi, WooCommerce ke karɓar oda, Paystack ke karɓar kuɗi, sai wani filogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) na rajistar taro da ke fitar da tikiti mai lambar QR ya tura wa mutum ta imel. Lafiya lau komai ke tafiya har daren Alhamis da filogin ɗin rajistar ya sabunta kansa. Yanzu mutum zai cike fom, ya sa katinsa, banki ya turo masa alat an cire N15,000, da ya dawo shafinmu sai farin allo da rubutun "There has been a critical error on this website". Tikiti babu. A cikin WooCommerce odar tana zama "Pending payment", bayan awa ɗaya ta koma "Cancelled". Yau Litinin, wayar Hajiya mai taron ba ta huta ba tun safe.

Yaro Mai Kwamfuta: Wa'alaikumus salam. Yaya, ai abu mai sauƙi ne. Ka shiga cPanel, wurin sarrafa sabar shafin, ka dawo da kwafin ajiya na ranar Laraba gaba ɗaya, shi ke nan an wuce wurin.

Malam Babba (admin): Kada ka taɓa. Ɗan Gwale, ka ji ni, kada ka dawo da kwafin Laraba. Duk wanda ya yi rajista daga Alhamis zuwa yau, sunansa da lambar wayarsa da imel ɗinsa suna cikin rumbun bayanan da za ka goge. Mutanen da kake nema ka biya wa haƙƙinsu ke nan. Garin neman gira za a rasa ido.

Abu na farko, rufe sayar da tikitin yanzu-yanzu. Ka mayar da shi "Out of stock", ka sa sanarwa a saman shafin cewa an dakatar da rajista na ɗan lokaci. Duk mintin da shafin ke buɗe wani bawan Allah na iya biya. Na biyu, ɗauki sabon kwafin ajiya na yadda shafin yake a yanzu, da lalacewar tasa. Sai mu zo maganar gyara.

Ɗan Gwale: To Malam. Na rufe. Kwafin yana sauka.

Maman Sadiq: Sannu Ɗan Gwale. Ka shiga dashbod ɗin Paystack ka duba Transactions tukuna. Kuɗin mutanen nan sun nuna "Success" ko "Failed"? Don hanya ta rabu biyu daga nan. In "Failed" ne kuma an cire musu, wannan tsakaninsu da bankinsu ne, kuɗin zai koma. In "Success" ne, kuɗin yana hannunku, shafinku ne bai sani ba.

Ɗan Gwale: Success ne Anti, kore shar. Har na Alhamis da na Juma'a sun riga sun shiga asusun ƙungiyar.

Maman Sadiq: Alhamdulillah, rabin damuwar ta tafi. To duba makullan. Ni abin da na taɓa gani shi ne makullin sirri ya canza ko ya goge a wurin saitin, na fili kuma yana nan daidai. Na filin, mai farawa da pk_live, shi ke buɗe tagar biyan kuɗi, don haka mutum zai biya lafiya. Na sirrin, mai farawa da sk_live, da shi shafi ke tambayar Paystack ko an biya da gaske. In ya samu matsala oda za ta zauna a Pending kamar yadda ka faɗa.

Injiniya Tudun Wada: Maganarki gaskiya ce Maman Sadiq, amma ba na jin ita ce a nan. Makulli mara kyau ba ya kawo farin allo. Zai dawo da mutum shafin biya ne da ɗan jan rubutu. Wannan "critical error" ɗin ma'anarsa PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ya mutu a tsakiyar aiki. Kuma filogin rajista ne ya sabunta, ba na biyan kuɗi ba, me zai kai shi taɓa makulli?

Ɗan Gwale, bari in shimfiɗa maka yadda abin ke tafiya don ka san inda za ka haƙa. Idan mutum ya biya, hanya biyu shafinka ke samun labari. Ta farko, burauzar mai biyan ta dawo shafinka ɗauke da lambar cinikin, shafin ya tambayi Paystack, a ce masa e an biya, ya mayar da odar wadda aka biya. Ta biyu webhuk, wato Paystack da kansa ya turo saƙon charge.success kai tsaye zuwa sabarka, ko da mai biyan ya rufe wayarsa ya tafi. Kamar ɗan aike ne da ke ƙwanƙwasa ƙofa yana jira a amsa masa da lamba 200. An yi biyun ne don in ɗaya ta faɗi ɗayar ta riƙe. A wurinka duka biyun sun faɗi, ke nan matsalar tana inda suka haɗu, wurin da WooCommerce ke cewa an kammala biya. Kuma daidai nan filogin tikiti ke sa hannu, don a lokacin ne yake yanke matsayin da odar za ta koma ya fitar da tikitin.

Shiga WooCommerce, Status, Logs, nemo fayil mai suna fatal-errors na ranar Juma'a. Kwafo mana layin farko.

Gyara Nan Take: Boss turo min username da password na admin ta inbox, minti goma na gyara maka. Na yi irinsa da yawa.

Malam Babba (admin): Ba a haka a zauren nan. Mai gyara ya yi bayani a fili kowa ya ƙaru. Ɗan Gwale, kada ka ba kowa kalmar sirri, kuma in za ka turo hoton allo ka tabbata makullin sk_live bai fito ba. Wanda ya riƙe wannan makullin zai iya ganin bayanan duk masu biyanku, ya kuma mayar da kuɗi da sunanku.

Ɗan Gwale: Na ji Malam. Injiniya ga shi, ya maimaitu ba adadi: syntax error, unexpected '->' (T_OBJECT_OPERATOR), kuma fayil ɗin yana cikin foldar filogin rajistar, a sashen da ya shafi oda.

Injiniya Tudun Wada: Ya isa. Wane PHP sabar ke kai? Duba Tools, Site Health, Info, Server.

Ɗan Gwale: 7.4

Injiniya Tudun Wada: To an kama ɓarawo. Buɗe fayil ɗin a layin da aka ambata, na yi imani za ka ga alamar tambaya manne da kibiya, haka ?->. Wannan salon rubutu ya shigo ne da PHP 8.0 da ya fito a Nuwamban 2020. PHP 7.4 bai san shi ba, da ya karanto wurin sai ya tsaya cak. Dalilin da ya sa sauran shafin ke aiki lafiya kuwa, ba a buɗe wannan fayil ɗin sai lokacin kammala biya. Shi ya sa kai da ke shiga kana fita ba ka ga komai ba, sai wanda ya riga ya rabu da kuɗinsa.

Ɗan Gwale: Wallahi haka ne, ga alamar nan a layin.

Maman Sadiq: Amma Injiniya ina da tambaya. Na san WordPress yana hana sabunta filogin idan PHP ɗinka bai kai ba. Ya aka yi wannan ya wuce?

Injiniya Tudun Wada: Yana hanawa, amma abin da mai filogin ya rubuta a layin "Requires PHP" yake dubawa, ba ya karanta lambar da kansa. In mai shi ya yi amfani da sabon salo ya manta bai ɗaga wannan layin ba, WordPress zai buɗe masa ƙofa. Ya kamata Ɗan Gwale ya tura musu rahoto da wannan layin na log, don ba shi kaɗai ke kan 7.4 ba. Sai dai a faɗi gaskiya, 7.4 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Zama a kansa da shafin da ke karɓar kuɗin jama'a ba daidai ba ne.

Ɗan Gwale: Haka na gaji shafin daga wanda ya gina shi. Yanzu dai mene ne mafita, in ɗaga PHP?

Malam Babba (admin): Nan zan saɓa da Injiniya, don na san abin da zai ce. Ni a ganina ka mayar da filogin ɗin tsohon zubinsa (version) kawai. Abu ɗaya ne ya canza, ka mayar da abu ɗayan. Ɗaga PHP ya shafi kowane filogin da jigon shafin gaba ɗaya, shafin da ba kai ka gina ba, ba ka san me aka binne a ciki ba. Taro ya matso. A gama taro lafiya, sannan ka zauna ka ɗaga PHP a tsanake.

Injiniya Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, da ƙaramar sabuntawa ce da na bi ka. Ɗan Gwale, lambar farko ta zubin ce ta canza ko ta ƙarshe? Kuma da ka shiga ranar Juma'a, ka ga wata sanarwa game da rumbun bayanai?

Ɗan Gwale: Ta farko ce ta canza. Kuma e, akwai sanarwar da ta ce an kammala sabunta rumbun bayanai. A takardar canje-canjensu sun ce sun mayar da bayanan mahalarta zuwa sabon tebur.

Injiniya Tudun Wada: Ka gani Malam. In ya mayar da tsohon zubi, tsohon zai je neman mahalarta inda ya saba ajiye su. Wa zai ba mu tabbacin suna nan? Mutanen da suka karɓi tikitinsu tun makon jiya za su iya zuwa ƙofa a haska QR ya ce bai san su ba. An gudu ba a tsira ba.

Malam Babba (admin): Ba kowane mai filogin ke goge tsohon wurin ba idan ya kwashe bayanai, da yawa suna barinsa. Amma na yarda ba abin da za a yi caca da shi ba ne. To mu raba gardama: kada a gwada ko ɗaya a kan shafin gaske. Ya kwafi shafin zuwa wani ƙaramin adireshi na gwaji, ya ɗaga PHP a can. In ya tashi lafiya, hanyarka. In ya watse, a gwada tawa a can ɗin.

Yaro Mai Kwamfuta: Don mayar da tsohon zubi akwai WP Rollback, danna ɗaya ne.

Maman Sadiq: Na kyautar yana aiki ne da filogin da ke rumbun WordPress. In na saye ne, sai ya nemo tsohon zip daga asusunsa a wurin masu shi.

Ɗan Gwale, a shafin gwajin ka sa makullan gwaji, pk_test da sk_test, ka kuma sa adireshin webhuk na gwaji a dashbod, gurbinsa daban da na gaske. Katin gwajin Paystack 4084 0840 8408 4081, CVV 408, kowace rana ta gaba. Kuma don Allah kada ka kunna "Test mode" a shafin gaske yana buɗe, mutane za su samu tikiti ba tare da ko kwabo ya shigo ba. Ka kashe tura imel a na gwajin ma, kar malamai su fara samun tikitin bogi.

Hajiyar Taro: Assalamu alaikum. Ɗan Gwale ne ya sa aka shigo da ni. Ni ban fahimci rabin abin da kuke faɗa ba, Allah ya saka da alheri. Tambayata ɗaya, me zan ce wa mutane? Wani shugaban makaranta ya ce mun cinye masa kuɗi. Na fara ce wa wasu su turo ta asusun ƙungiya kai tsaye su aiko da rasit.

Malam Babba (admin): Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ki dakatar da maganar turowa ta asusu. Wanda aka riga aka cire wa, in ya sake turowa ya biya sau biyu, ke kuma za ki koma bin rasit ɗaya-ɗaya a WhatsApp, ga masu haɗa rasit na ƙarya. Ki tura musu wannan:

"Kuɗinku ya iso gare mu, kuma gurbinku yana nan. Matsala aka samu wajen fitar da tikiti, ana kan gyarawa. Don Allah kada ku sake biya. Wanda aka cire wa sau biyu za a mayar masa da ɗaya."

Amma ki tura wa waɗanda Ɗan Gwale ya ga sunansu da "Success" kaɗai. Wanda ya ce an cire masa kuma babu shi a jerin, ki ce ya turo ranar da lokacin da lambobi huɗu na ƙarshen katinsa a duba, in babu sai ya tuntuɓi bankinsa.

Hajiyar Taro: Na gode Malam. Yanzu zan tura.

Na Kumasi: Ina biye da ku daga nan Gana. Abin da zan ƙara, ku kula da waɗanda ba da kati suka biya ba. A nan yawancin mutane da kuɗin waya suke biya, mutum zai amince a wayarsa ya rufe shafin bai jira ya dawo ba. Su webhuk ne kaɗai gatansu. A wurinku masu transfa da USSD haka suke. Ba su ga farin allon ba ma, suna can suna jiran imel, ba za su kira Hajiya ba sai ranar taro a bakin ƙofa. Kada ku dogara da jerin masu ƙorafi, ku sauke jerin Paystack gaba ɗaya daga daren Alhamis ku gwada da na oda.

Ɗan Gwale: Wannan ban yi tunaninsa ba, na gode. Ga labarin gwaji: na ɗaga zuwa 8.2 ta Select PHP Version, shafin farko ya mutu nan take. Log ya ce Call to undefined function create_function(), daga wani tsohon filogin na hotuna masu zagayawa.

Malam Babba (admin): Abin da nake gudu ke nan.

Injiniya Tudun Wada: Malam ai gara da ya fito a can. An cire create_function tun a PHP 8.0, duk filogin da ke kiransa an daɗe da yin watsi da shi. Kashe shi, in allon admin ya ƙi buɗewa canza wa foldarsa suna ta File Manager. Hoto mai zagayawa ba zai hana taro ba.

Ɗan Gwale: Na kashe. Shafi ya tashi. Na bi shafuka duka, na saya da katin gwaji, oda ta koma Completed, tikiti ya fito da QR ɗinsa. Na sake saye na rufe burauza kafin ta dawo, nan ma ya kammala.

Injiniya Tudun Wada: Madalla. Kafin ka yi a na gaske, ga abin da zai biyo baya don kada ya ba ka mamaki. Idan Paystack bai samu 200 ba, ba ya haƙura. Yana sake turowa duk minti 3 har sau huɗu, daga nan duk awa har tsawon awa 72. Ke nan yanzu haka yana ta ƙwanƙwasa sabarka a kan cinikin Asabar da Lahadi da na yau. Da ka gyara, cikin awa guda za ka ga wasu odar da aka soke suna farfaɗowa da kansu, tikiti na fita, domin WooCommerce yana karɓar biya ko a kan odar da ke Cancelled. Na daren Alhamis da safiyar Juma'a wa'adinsu ya wuce, waɗannan da hannu za ka yi: ka tabbatar da lambar cinikin a dashbod, ka rubuta ta a bayanin odar, sannan ka canza matsayin. Ka ba shi awa ɗaya ko biyu kafin ka fara na hannun.

In ka ga babu wadda ta farfaɗo, buɗe Raw Access a cPanel ka nemo layukan POST masu wc-api. In 500 ne, har yanzu wani abu na mutuwa. In 403 ne, katangar tsaro ce ke korar saƙon, ko ta kamfanin sabar ko filogin tsaro ko Cloudflare, sai a buɗe wa adireshin IP da Paystack ya wallafa. In 404 ne, adireshin webhuk ɗin ne ba daidai ba, ko ka shiga Settings, Permalinks ka danna Save.

Maman Sadiq: Sai maganar kujeru. Wannan awa ɗayan da odar ke sokewa, saitin "Hold stock" ne, minti 60. Duk odar da aka soke ta saki kujerarta, ƙididdigar shafin tana nuna akwai gurbin da a gaskiya an riga an biya. Kada ka buɗe sayarwa sai ka gama daidaita kowa, ka ƙirga biyayyu na gaske, ka cire daga yawan kujerun zauren, ka rubuta ragowar da hannunka. In ba haka ba Hajiya za ta tara mutanen da suka fi kujerunta.

Ɗan Gwale: An yi a na gaske. Kamar yadda Injiniya ya ce, sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na sauke jerin na gwada, akwai masu transfa da ba su taɓa kira ba, Na Kumasi ka yi gaskiya. Akwai kuma 'yan kaɗan da suka biya sau biyu, mutum ɗaya ma sau uku.

Malam Babba (admin): Mayar musu ta maɓallin Refund a kan cinikin da ya maimaitu, kada Hajiya ta tura daga asusu. Ta haka kuɗin zai koma inda ya fito kuma akwai shaida. Ku gaya musu yakan ɗauki kwanakin aiki kafin ya shiga. Sannan ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Tun da WordPress 5.5 ya kawo ta a 2020 nake faɗa a zauren nan, shafin da ke karɓar kuɗi ba a barinsa yana canza kansa da tsakar dare.

Injiniya Tudun Wada: Nan ma ban bi ka duka ba Malam. Yawancin shafukan da ake kawo min an yi musu kutse, tsohon filogin ne da aka bari shekara ba a taɓa ba. Wanda ya kashe sabuntawa kuma ba ya leƙawa ya fi wanda ya bar ta shiga haɗari. A kashe wa guda uku da kuɗi ke bi ta cikinsu, WooCommerce da na Paystack da na rajista, a riƙa gwada su a shafin gwaji kafin a sa. Sauran a bar su.

Malam Babba (admin): Filogin tsaro ko na kash, mai ajiye kwafin shafi don ya buɗe da sauri, ba sa cikin ukun nan, kuma kowanne na iya tare hanyar biya idan ya sabunta.

Injiniya Tudun Wada: To a kashe duka a makon taro, a kunna bayansa. Fiye da haka ban yarda ba.

Hajiyar Taro: Shugaban makarantar nan ya kira, tikitinsa ya shigo. Ɗan Gwale, mutum biyu sun riga sun turo ta asusu kafin Malam ya hana, na tura maka sunayensu ka duba ko suna cikin waɗanda aka cire wa. Kuma yaushe za mu buɗe rajista? Ana ta tambaya.

Ɗan Gwale: Na gani Hajiya. Ɗaya tana cikin jerin, ita za ki mayar mata da na asusun. Ɗayan bai taɓa biya ta shafi ba, zan buɗe masa oda da hannu. In na gama na daren Alhamis na ƙirga kujeru, zuwa bayan Isha'i in sha Allah sai a buɗe.